La'asar a Gaban Duwatsu Goma Sha Biyar

An ce na yi wa gunki sujada. Wadda ta fara faɗa kuwa mace ce da muka yi shekara tara muna kwana ɗaki ɗaya, muna ci a tire ɗaya, wadda lokacin da aka yi mata aikin ido ni na riƙa riƙe hannunta zuwa banɗaki. Ban yafe mata ba a lokacin. Yanzu ma da nake rubuta wannan ban gama yafewa ba, kuma ba zan ce na gama ba don kawai a kira ni mai haƙuri.

Ni mutuniyar Damagaram ce. Umra ta kawo ni Jidda, na ƙi komawa. Na yi shekaru a unguwar Karantina ba takarda, ina wankau da sharar gidaje, har Allah ya haɗa ni da wata tsohuwa Balarabiya, 'yar asalin garin, wadda ƙafafunta suka fara ƙi. Ɗanta ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, ni kuma na tare gidansu. Sitti nake kiran ta, kamar yadda jikokinta ke yi. Ni nake yi mata wanka, ni nake tura kekenta, ko ruwa ba ta karɓa daga hannun kowa sai nawa. A gidan akwai matar ɗan nata, Madam muke ce mata. Akwai kuma mai girki, Bahaushiyar Cadi, ita ce wadda na ambata a sama.

Ban san baƙi ba sai da na haura arba'in da biyar. Wata malama a unguwar Sa'alaba ta buɗe ajin mata a falon gidanta, ranar Alhamis da safe, daidai lokacin da ake ba ni hutun rabin yini. Na shiga na zauna tsakanin matan da na haifi sa'o'insu. A can na koyi karatun mus'hafi, na koyi lambobi, na koyi wannan rubutun da kuke gani duk da karkatarsa. Shekara shida ina hawa, izu ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da abin nan ya faru izu biyu suka rage mini in sauke. Malama har ta sa rana, bayan hutun zafi. Na sayi yadi na kai wa tela. Wanda bai taɓa zama da furfura yana bin baƙi da yatsa ba, ba zai gane abin da izu biyun nan suke a wurina ba.

Kafilina tuffa da inabi yake shigowa da su daga wata ƙasa mai nisa, Chile. A hutun shekarar nan ya ce zai kai iyalinsa can, daga nan su ƙarasa wani tsibiri da ake zuwa kallon duwatsu. Shirinsa a bar Sitti a gida. Ta ce ita an gaya mata wurin shi ne ƙarshen duniya, tunda kuwa ta kusa nata ƙarshen, tana so ta ga na duniya tukuna. Ya yi lallashi, ta juya fuska bango ta ƙi abinci. Kwana biyu ya sallama. In Sitti za ta, ai ni ma za ni.

Ina haɗa kaya mai girki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ke da ko Ɗa'ifa sai da kika yi amai a mota, ke ce za ki ƙarshen duniya?"

Na ce, "Amaina a jirgi ya fi zamanki gaban tukunya."

Muka yi dariya. Na ɗauka dariya ce har ciki. Ban tuna ba a lokacin cewa ta riga ni shiga gidan da shekara biyu, kuma ko filin jirgi ba a taɓa kai ta rakiya ba.

Jirgi uku muka hau. Na ƙarshen ya yi wajen awa biyar babu komai a ƙarƙashinmu sai ruwa, har na daina leƙawa. Turawa suna ce wa wurin tsibirin Ista, mutanensa kuma Rapa Nui. Mun baro Jidda ana zafin da ke narkar da takalmi, muka tarar da iska mai sanyi wadda ba ta hutawa. Ciyawa ko'ina, itace kaɗan, baƙaƙen duwatsu masu huji-huji kamar soso, dawaki suna yawo ba igiya ba mai kiwo. Garin ɗaya ne, bai kai rabin Karantina ba.

Abin da ya fara damuna shi ne shiru. Shekara kusan talatin a Jidda ban taɓa neman lokacin salla da kaina ba. Ladanai goma ne za su gaya maka, masu kanti su ja ƙofa, titi ya yi fayau. A can kuwa yini zai wuce ba abin da ya canja sai kukan zakara. Agogona yana kan lokacin Jidda, na ƙi juya shi, sai ya zama in na duba shi ƙara rikita ni yake.

Ina da dardumar salla mai kamfas a manne, da ɗan littafin da ke ba kowane gari lambarsa. Na zauna na bi sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ina jin daɗin na iya, har na kai ƙarshe. Tsibirin ba ya ciki. Kafilina ya yi lissafinsa, ya tsaya a tsakar masaukinmu da safe ya nuna mini: gabas, in bar mafitar rana kaɗan a hagu. Ya daidaita allurar, ni kuma na rubuta lambar da hannuna a bangon littafin.

Rana ta uku aka fita kallon duwatsun. Mai yi mana jagora 'yar garin ce, mace mai jiki, da fure a bayan kunne. Turanci take yi da kafilina, shi kuma ya juya mana da Larabci in ya tuna. Da farko ta kai mu gindin dutsen da aka sassaƙo su. Kawuna ne manya-manya sun fito daga ƙasa, wani a karkace, wani ya kife, dogon hanci, dogayen kunnuwa, baki a tamke kamar wanda aka yi wa laifi ya ƙi faɗa. Na riƙa karanta duk abin da ya zo bakina. Sitti kuwa ta ɗaga sandarta ta nuna ɗaya ta ce, "Ga mijina ranar da gishiri ya yi yawa a miya."

Da za mu fito kafilina ya ce kafin la'asar mun dawo masauki, don haka na bar azahar in haɗa ta da la'asar, kamar yadda Malama ta koya mana matafiyi yana yi. Amma aka tsaya cin abinci, aka tsaya hotunan Madam, aka tsaya neman wurin da Sitti za ta kama ruwa, wanda shi kaɗai ya ci awa guda. Sai can muka isa wuri na ƙarshe, a bakin teku.

Su goma sha biyar ne, a tsaye, a jere kan wani dogon dandamali na dutse. Sun ba teku baya, sun zuba wa fili ido. Ɗaya yana da jar hula. An jera ƙananan duwatsu a ƙasa nesa da su, jagorar ta ce nan ce iyaka, ba a tsallakewa. Ta ce za ta zagaya da su ta baya su ga teku. Ƙasar duk duwatsu ce, keke ba zai bi ba. Kafilina ya ce, "Ya Hajja, ki tsaya da uwata, minti goma." Suka tafi har suka ɓace a ƙarshen layin.

Ina gyara wa Sitti bargo na ga inuwata. Ta yi tsawo, ta wuce iyakar nan, kanta ya kusa taɓa dandamalin. Na waiga. Rana ta yi ja-ja ta sauko, saura kaɗan ta faɗa bayan tudu. Salla biyu a wuyana.

Na zaro darduma daga jakar keken, na shimfiɗa, na juya ta har allurar ta hau lambar da na rubuta. Na ɗaga kai. Tsakiyar su goma sha biyar ɗin take nunawa.

Na naɗe, na kama keken in gusa gefe in wuce ƙarshen layin. Taku biyar ƙafar keken ta shige tsakanin duwatsu, Sitti ta yi gaba kamar za ta kife, na taro ta da ƙirji. Layin kuwa dogo ne, ko na yi taku hamsin suna gabana. Na ƙwala wa kafilina kira, iska ta kwashe muryar. Abu uku ne a gabana: in bar tsohuwa ita kaɗai a kan gangara cikin wannan iska, ko in bar rana ta faɗi da salla biyu, ko in tsaya a nan.

Sitti ta ce, "Ya binti, 'yata, me kike zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai?"

Na ce, "Salla, Sitti. Alƙibla ta bi ta kansu."

Ta dube su, ta dube ni. Ta ce, "Bayansu me ke akwai?"

"Teku."

"Bayan teku fa?"

"Ban sani ba. Ƙasashe."

"To. A ɗakina na Jidda ma firji ne a gabanki, ban taɓa jin kin ce firji kike yi wa ba. Karɓi sandata ki kafa. Ki juya ni ni ma, ba ke kaɗai ake bi salla ba. Yalla, yi maza."

Na yi mana alwala da ruwan gora. Na juya kekenta gabas, ɗan gaba da ni ta dama, na sa duwatsu a ƙafafunsa. Na kafa sandar a gaban darduma, na jingina ta da keken, ta zama sutura tsakanina da abin da ke gaba. Ina tayar da kabbara iska ta fizge mayafin Sitti ta jefa shi bayan keke. Ba ta ko motsa ba, ta ci gaba da sallarta a zaune, gashinta fari da jan lalle yana tashi.

Ba zan ɓoye ba, na gan su. Na kafe ido a kan sandar, amma duk sanda na ɗago daga ruku'u suna nan sama da ita, rana ta haske fuskokinsu, ramukan idonsu a kaina. Raka'a biyu, na sallame, na tashi na kawo biyu. Ban taɓa yin sallar da na riƙe ta da ƙarfi irin wannan ba, kuma na san wanda na yi wa.

Ina sallamewa na ji muryar Madam ta gefen hagu. Ashe sun zagayo. Kyamara a hannunta, tana cewa, "Ya Hajja, wallahi wannan ya fi duk hotunan tafiyar nan."

Na ce, "Ban so ba, Madam."

Ta yi dariya ta ce hoto ne kawai.

Jagorar kuma ta matso, ta dafa ƙirjinta, ta yi mini doguwar magana idonta da ƙwalla. Na tambayi kafilina me take cewa. Ya ce godiya take yi. Wai waɗannan kakanninta ne, ƙasusuwansu suna ƙarƙashin dandamalin, kuma baƙi da yawa suna zuwa amma ba ta taɓa ganin wanda ya girmama su haka ba.

Na ce, "Ka gaya mata ba su na yi wa ba."

Ya faɗa mata wani abu gajere, ta ƙara murmushi. Na san bai faɗa ba. Ni kuma abin da ya tsaya mini shi ne ƙasusuwan. Dutse na sani, dutse na kafa wa sanda. Ban san kabari ne ba. Muna isa masauki na sake sallolin biyu, sannan na yi magariba. Kwana biyun da suka rage ban ƙara fita ba tare da na yi salla ba, ko Madam za ta yi ta danna hon har gobe.

Muka dawo Jidda. Aka wanko hotuna. Madam tana da al'ada: kundi biyu take yi. Ɗaya na cikin ɗaki, mai fuskokin matan gidan, yana kulle a durowa. Ɗaya na falo wanda baƙi ke buɗewa suna shan gahawa, shi kuma ba a sa mace 'yar gida a ciki. In hoto ya yi kyau amma akwai 'yar gida a gefe, almakashi take sa masa. Ni ba 'yar gida ba ce, ba a yanke ni. Na san da wannan al'ada shekara da shekaru, ban taɓa kawo ta a raina ba.

Alhamis ta biyu bayan dawowarmu na je aji da tsarabar 'yan wuri da na tsinto a bakin teku. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Matar da muke zama kafaɗa da kafaɗa shekara shida ta janye tabarmarta. Wata daga baya ta ce, "Maraba da 'yan yawon duniya. An gaishe mana da manya?" Aka yi 'yar dariya aka haɗiye.

Malama ta leƙo ta ce, "Hajiya, zo mana."

A uwar ɗaki ta buɗe durowa ta miƙo mini. Ga ni a ƙasa, goshi a darduma. Ga su goma sha biyar a sama, jajur da hasken rana. Tsakanina da su babu komai. Gefen dama an yanke shi tsaf, har da kan yatsun hannuna. Ba keke, ba Sitti, ba sanda. Ni kaina da ban san matar ba, da abin da suka ce zan ce.

Na ba ta labari tun daga inuwa har sanda. Ta saurara har na gama. Malama ba muguwa ba ce, kuma na girme ta da shekara goma, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta ce, "Hajiya, ni na san ki. Amma hoton nan ya kwana gida huɗu kafin ya zo hannuna. Ajin nan ba shi da izini, rabin matan da ke falo ba su da iƙama. In maganar ta kai kunnen mutawwa, 'yan hisbar ƙasar nan, a ce ga baƙar mace tana sujada ga gumaka kuma a gidana take karatu, ba wanda zai tambaye ki lambar kamfas. Mu duka za a kwasa."

Na ce, "To me kike so in yi?"

"Ki ɗan dakata da zuwa. In akwai abin da zai nuna sandar nan, ki kawo. In babu, a bari maganar ta mutu."

"Saukar fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba yanzu ba."

Na tambaye ta wa ya kawo. Ta ce ba za ta haɗa faɗa ba. Ba sai ta faɗa ba. A bayan hoton akwai shatin babban yatsa, rawaya, na kurkum ɗin girki. Ta mayar da shi durowa ta kulle. Na fito ta tsakiyar falon da 'yan wurina a jaka, ban ba kowa ba.

Na tarar da mai girki tana yanka albasa. Na rufe ƙofar kicin na jingina da ita.

Na ce, "Ajiye wuƙar nan."

Ta ajiye. Ta ce, "Ni abin da na gani na nuna, Yaya."

"Kin ga inda aka yanke?"

"Na ga ke, na ga su."

"Shekara tara kina jin karatuna kowace asuba har kina cewa na hana ki barci. Ba za ki tambaye ni ba? Gadona da naki taku biyu ne."

Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yanka. Ta ce, "Ni ban je ba. Ke kika je. Ke aka saya wa rigar sanyi."

Nan na gane ba maganar gunki ba ce, amma ganewar ba ta mayar da ni aji ba.

Na sami Madam na roƙe ta guntun da ta yanke. Ta zaro ido ta ce, "Aib, abin kunya, ya Hajja. Uwar mijina, kai ba mayafi, tana yawo a hannun matan Sa'alaba?" Na ce to ta ba ni fim ɗin a sake wankewa. Ta ce shi ma hakan ne. Sai ta tsaya ta ce, "Wai ma, ta yaya hoton ya fita daga gidan nan? In maigidan ya ji, wanda ya fitar ba zai ƙara kwana a ƙasar nan ba." Ta jira in faɗi suna. Na so in faɗa. Na yi kwana biyu cur ina so. Amma mai girkin tana da 'ya'ya huɗu a can gida da suke ci daga tukunyar nan. Na ce ban sani ba. Madam ta ce, "Halas, shi ke nan," ta juya.

Kwana shida muna kwana ɗaki ɗaya ba ko sannu. Na je kantin da matan unguwarmu ke sayen gero a Madain Fahd, biyu suka gan ni suka shiga duba buhuna. Tela ya aiko a gaya mini kayan sauka sun yi. Ban je karɓa ba. Ina buɗe mus'hafi inda na tsaya, amma ba wanda zai biya mini, in na yi kuskure ban ma san na yi ba.

Ranar Laraba bayan la'asar ina taje wa Sitti kai, ta buge mini hannu ta ce, "Gashin nan ba shi ya yi miki laifi ba. Sati guda kina ja kamar mai tsefe igiya. Faɗa mini."

Na faɗa mata duka. Ban saka sunan mai girki ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sitti akwai ranakun da take kiran jikanta da sunan ƙaninta da ya rasu, amma ranar nan kanta a tsaye yake. Ta ce, "Miƙo akwatin turarena."

A ƙarƙashin kwalaben, cikin hankici, ga guntun. Ashe ranar da Madam ta sa almakashi a gabanta ta yi, Sitti ta ce a ba ta abinta. Faɗinsa bai wuce yatsa uku ba. Ga ta a keke, ta rusuna, hannuwa kan gwiwa, gashi a iska, fuskarta ta ɗan juyo, haske a kai. Ga sanda a tsaye. Ga bakin dardumata, ga kan yatsuna huɗu.

Ta ce, "Tun ina amarya ba a yi mini hoton da na so kaina a ciki ba sai wannan. Ɗauki ki kai musu."

Na ce, "Fuskarki, Sitti. Madam ta ce aib. In ɗanki ya ji..."

"Ɗana ni na haife shi. In ya tambaya, ni na bayar." Sai ta ƙara da cewa, "Amma matan naku masu baki ne. Ɗauko baƙin alƙalamin da kike rubutu a kwalin magani. Ki yi mini yadda suke shafe matan mujallun waje da baƙi a kanti."

Na ce ba zan iya ba. Shi kaɗai ne, kuma ta gaya mini abin da yake a wurinta.

Ta ce, "Ni na san fuskata, shekara tamanin ina ɗauke da ita. Ke ce taki ke hannun mutane. Shafa."

Ta riƙe shi ta ƙara kallo sosai, ta miƙo. Na ɗora shi kan tiren magani. Hannun da ya yi shekara shida yana koyon kada ya ɓata takarda, shi na sa na shafe gashin, na shafe goshin, na shafe bakin. Tana leƙe tana ba da umarni. "Bar hannuwan, su ga na tsohuwa ne. Kada ki taɓa sandar. Can ma saura kunne." Da na gama, baƙin dunƙule ne zaune a keke yana ruku'u. Ta duba ta ce, "Yanzu na yi kama da waɗancan sha biyar ɗin." Ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Da safe na yi mata wanka, na ba ta shayi da magani. Na naɗe guntun a hankicinta na soke a ƙirji, na sa ɗan littafin kamfas a jaka tare da mus'hafina. Na ce ta ara mini sandar, ta ce kada in daki kowa da ita sai in ya zama dole. A bakin ƙofa mai girki ta ga sandar a hannuna ta matsa gefe. Na ce mata, "Ki kula da Sitti, ruwanta yana kan tebur. In ta ƙi karɓa ki ce ni na ce." Maganar farko ke nan tsakaninmu tun ranar albasa.

Na riga kowa isa Sa'alaba. Na zauna a wurina na gaba, na kwantar da sandar a gabana. Mata suka riƙa shigowa, kowace ta gan ni sai ta tsaya da takalmi a hannu. Na riga na yanke zan faɗa musu komai, har maganar ƙasusuwan da sake sallar, don kada gobe wani ya tono ya ce na ɓoye. Da falon ya cika Malama ta fito, ta gan ni, ta tsaya.

Na kwance hankicin na ajiye guntun a kan tabarma inda kowa zai gani. Na ce, "Malama, ɗauko na durowarki ki haɗa su a nan, gaban kowa. Yatsuna suna wannan ɓangaren."

Sannan na buɗe mus'hafi inda na tsaya, na ɗora yatsa a kan layin.